Yadda Ake Auna Ɗorewar Birni, Da Abin Da Ya Sa Alƙaluman Ke Saɓa Wa Juna

Kusan kowace shekara, idan sashen bincike na kamfanin da ke buga mujallar The Economist ya fitar da jerin biranen duniya bisa daɗin zama, Legas takan faɗo cikin na can ƙasa, kusa da Damaskas da Tarabulus da Dhaka da Karachi, yayin da birane irin su Vienna da Copenhagen ke karɓa-karɓa a sahun gaba. A ɗaya ɓangaren kuma, jami'an jihar Legas sukan bayyana birnin a matsayin ɗaya daga cikin mafiya ƙarfin tattalin arziki a Afirka, kuma su ma suna da alƙaluman da suke kafa hujja da su. Mai karatu yakan tsaya yana tambayar wanne ne gaskiya, alhali kuwa yana yiwuwa duka biyun su zama daidai, domin kowannensu abin da ya auna daban ne.

Wannan ruɗani yana ƙara yawa ne saboda yanzu gwamnatocin jihohi, da bankunan raya ƙasashe, da masu zuba jari, duk suna maganar "birni mai ɗorewa", kuma ana ɗora rabon kuɗi da tsare-tsare a kan sakamakon awon da ake yi. Wanda bai san yadda ake haɗa waɗannan alƙaluma ba zai riƙa ɗaukar su kamar sakamakon gwajin jini, wanda babu ra'ayin kowa a cikinsa, alhali a kowane mataki na lissafin akwai zaɓin da wani mutum ya yi.

Ma'anar kalmomin da ake yawan amfani da su

Ma'anar ɗorewa da aka fi kafa hujja da ita ta fito ne daga rahoton wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1987, wanda Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway ta jagoranta. Rahoton ya bayyana ci gaba mai ɗorewa da cewa shi ne wanda ke biyan buƙatun mutanen yau ba tare da ya tauye wa 'yan baya ikon biyan nasu buƙatun ba. Daga baya aka saba raba shi gida uku: tattalin arziki, wato ko birnin yana samar da sana'a da kuɗin shiga da zai riƙe kansa, muhalli, wato ko yana cin ruwa da ƙasa da iska fiye da yadda za su iya farfaɗowa, sai zamantakewa, wato ko amfanin birnin yana kaiwa ga kowa ko kuwa ya tsaya ga wasu unguwanni.

Akwai kuma bambanci tsakanin ma'auni da mizani. Ma'auni shi ne adadi guda da ke nuna abu guda, kamar yawan gidajen da ke samun ruwan famfo cikin kowane 100. Mizani kuwa shi ne abin da ake samu idan aka tattara ma'aunai da yawa, aka mayar da su maki, aka haɗa su suka zama lamba ɗaya da za a iya jera birane da ita. Yawancin gardamar da ake yi a kan mizani take, domin a wurin haɗawar ne ra'ayin mai lissafi ke shiga.

Daga ina batun ya taso

Taron ƙoli kan muhalli da aka yi a Rio de Janeiro a 1992 ya nemi ƙananan hukumomi su tsara nasu shirin ɗorewa, kuma daga nan birane suka fara ƙirƙirar ma'aunai, kowa da irin nasa, har ya zama ba a iya kwatanta birni da birni. A 2012 hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UN-Habitat, ta fito da mizanin wadatar birane. A 2014 kuma hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya ta fitar da ƙa'idar ISO 37120, mai ma'aunai 100, 46 daga ciki wajibi, sauran 54 na ƙari, kowanne da bayanin yadda za a lissafa shi. Cikin birane 20 da aka fara gwada ƙa'idar a kansu, ƙarƙashin wata cibiya da ke Toronto, akwai Makka da Landan da Johannesburg, akwai kuma Minna ta jihar Neja, abin da mutane da yawa a Najeriya ba su sani ba.

Babban sauyi ya zo a 2015, lokacin da aka amince da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17, aka ware na 11 domin birane kaɗai. Dalilin bai ɓoyu ba. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna cewa kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke, kuma adadin zai kai kashi 68 nan da 2050, inda Najeriya kaɗai za ta ƙara mazauna birni miliyan 189, ba ta bayan kowa sai Indiya da Sin.

Ina birnin ya tsaya, kuma mutum nawa ne a cikinsa

Kafin a auna komai, sai an amsa tambayoyi biyu da suke kama da masu sauƙi, kuma a kansu ne yawancin lissafin biranen Afirka ke tuntuɓe. Ta farko ita ce iyaka. Idan aka ce Kano, ana iya nufin cikin ganuwa, ana iya nufin ƙananan hukumomi takwas da aka saba kira ƙwaryar birni, wato Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, ana kuma iya nufin duk inda gine-gine suka haɗe, har gefen Dawakin Kudu da Gezawa da Dawakin Tofa. Kowace iyaka aka ɗauka, sakamakon daban zai fito. Idan aka taƙaita iyakar, yawan gidaje masu wutar lantarki da titin kwalta zai yi sama, filayen shan iska kuma su yi ƙasa. Idan aka faɗaɗa ta, sai a ga birnin ya cika da gonaki da itatuwa amma ya talauce a fannin asibiti da makaranta. Haka abin yake a Abuja, inda dubban ma'aikata ke kwana a Mararaba da Suleja, ƙarƙashin wasu jihohi, suna wuni a birnin da alƙalumansa ba su san da su ba.

Domin rage wannan matsala, Hukumar Ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a 2020 da wata hanya da ba ta dogara da iyakar siyasa ba. Ana raba taswira zuwa murabba'ai na kilomita ɗaya-ɗaya, sannan duk inda murabba'ai masu aƙalla mutum 1,500 suka haɗu har jimillarsu ta kai 50,000, sai a kira wurin birni. Hanyar tana sauƙaƙa kwatance tsakanin ƙasashe, amma tana haifar da wata tambayar, domin birnin da ta zana ba shi da shugaba ɗaya da za a tuhuma. A Najeriya ma tsarin mulki bai san wata hukuma mai suna gwamnatin birni ba. Jiha ya sani da ƙananan hukumomi 774, shi ya sa mafi yawan alƙaluman da ake da su na jiha ne baki ɗaya, da ƙauye da birni a cakuɗe.

Tambaya ta biyu ita ce yawan jama'a, kuma ta fi ta farko nauyi, saboda kusan kowane ma'auni a kan "kowane mutum" ko "kowane mutum 100,000" ake lissafa shi. Ƙidayar ƙarshe da Najeriya ta yi ita ce ta 2006, wadda ta ba jihar Kano kimanin miliyan 9.4, Legas kuma kimanin miliyan 9.1. Gwamnatin Legas ta ƙi amincewa da adadin, ta ce nata lissafin ya ba da miliyan 17.5. Wanda zai lissafa likitoci nawa ne ga kowane mutum 100,000 a Legas zai samu amsar da ta kusa ninka wata, gwargwadon adadin da ya zaɓa, ba tare da an ɗauki likita ko ɗaya ba. An shirya sabuwar ƙidaya a 2023 aka ɗage ta, saboda haka duk wani adadi na yau hasashe ne da aka ɗora a kan lissafin da tun asali ake gardama a kansa.

Tattalin arziki

Ma'aunin da aka fi ambato shi ne jimillar abin da birni ke samarwa a shekara, a raba shi da yawan mazauna. Amfaninsa shi ne yana nuna girman hada-hada, amma yana canzawa sosai da hanyar lissafi. A watan Afrilun 2014, da Najeriya ta sauya shekarar da take ɗora lissafinta a kai daga 1990 zuwa 2010, girman tattalin arzikinta ya tashi zuwa kimanin dala biliyan 510, ta wuce Afirka ta Kudu a dare ɗaya. Abin da ya faru shi ne an shigar da harkokin sadarwa da fina-finai da wasu sana'o'in da tsohon lissafin bai ba su haƙƙinsu ba.

Rashin aikin yi ya fi nuna wannan a fili. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sannan ta ba da kashi 4.1 a farkon 2023. A tsohon tsari, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana sa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya yi daidai da ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, aikin awa ɗaya a mako domin samun kuɗi ya isa a kira mutum mai aiki. Masu goyon bayan sauyin sun ce yanzu ana iya kwatanta Najeriya da sauran ƙasashe, kuma a ƙasar da babu alawus na marasa aiki, mutane ƙalilan ne ke iya zama ba sa yin komai. Masu suka kuma sun ce adadin ya daina nuna wahalar da mutane ke ciki. Dukansu suna da hujja, kuma hukumar da kanta ta nuna cewa fiye da kashi 90 na masu aikin suna cikin sana'o'in da ba su da rajista. A birni irin Kano, inda Kantin Kwari da Dawanau da Kurmi ke juya dukiya mai yawa da ba ta bi ta takarda ba, ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya shi ne na abin da gida ke samu da abin da yake kashewa a abinci da haya da mota, sai kuma kason kasafin kuɗin da gwamnati ke tarawa da kanta idan aka kwatanta da wanda take jira daga asusun tarayya.

Muhalli: inda ake zaton na'ura ce ke magana

Iska ce ta fi sauƙin bayani. Ana auna ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ake kira PM2.5, waɗanda ƙanƙantarsu ke sa su ratsa huhu su shiga jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage iyakar da take ba da shawara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska, a matsakaicin shekara. Wani binciken Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas a 2018, kuma yara ƙanana ne suka fi yawa. Sai dai awon yana buƙatar na'urori da ke aiki dare da rana a wurare daban-daban, kuma birnin da ba shi da na'ura ba ya fitowa a jerin mafiya gurɓata, ko da iskarsa ta fi ta kowa muni. Ga biranen Sahel akwai ƙarin sarƙaƙiya: ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi tana ɗaga adadin a Kano da Maiduguri da Damagaram, kuma babu hukumar birni da za ta iya hana ta. Idan ba a raba ƙurar hamada da hayaƙin janareta da na itace da na ƙona bola ba, adadin zai nuna haɗarin da huhu ke ciki, amma ba zai nuna ƙoƙari ko sakacin hukuma ba.

A fannin ruwa kuwa, ma'anar da aka zaɓa ce ke yanke hukunci. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke amfani da ita, ana cewa gida yana da ruwa a matakin farko idan zuwa ɗiba da dawowa bai wuce minti 30 ba, daga tushe mai kariya. Mataki na sama kuwa sai ruwan yana cikin gida, yana samuwa a lokacin da ake buƙata, kuma babu ƙwayoyin cuta a cikinsa. Unguwar da ta dogara da rijiyar burtsatse da 'yan garuwa tana iya cin jarrabawar farko ta faɗi ta biyu. Duka biyun kuma ba su tambayi ko ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ja da baya ba, wanda shi ne ainihin tambayar ɗorewa. Cape Town tana da famfo a mafi yawan gidajenta, amma a farkon 2018 fari ya kai ta ga ƙayyade lita 50 ga kowane mutum a rana, ana lissafin ranar da za a rufe famfunan birnin.

Shara ma haka take. Ma'aunin muradi na 11 yana duba kason sharar da ake kwashewa a kai wurin da ake kula da shi bisa ƙa'ida. Abin da 'yan gwangwan da 'yan jari-bola ke tsincewa na ƙarfe da roba su mayar masana'anta ba kasafai yake shiga littafin hukuma ba, haka ma takin da manoman kewayen Kano suka daɗe suna ɗiba daga cikin gari zuwa gonakinsu, al'adar da masana irin su Michael Mortimore suka yi nazari a kai. Birni zai iya zama yana sake sarrafa kaya da yawa a aikace, amma a takarda ya fito da sifili.

Mafi wuyar al'amari shi ne hayaƙin da ke ɗumama yanayi, domin a nan ne tambayar "na wane ne?" take tasowa. Tsarin da yawancin birane ke bi ya raba hayaƙin gida uku: wanda aka fitar a cikin iyakar birni, wanda aka fitar a wani wuri wajen samar wa birnin lantarki, da wanda aka fitar wajen ƙera kayan da mazauna birnin suke saye daga waje. Birane da yawa na farko da na biyu kaɗai suke bayar da rahoto a kansu. Wani nazari da ƙungiyar manyan birane ta C40 ta fitar a 2018 a kan birane 79 ya gano cewa idan aka lissafa bisa abin da mazauna ke amfani da shi, jimillar hayaƙin tana ƙaruwa da kimanin kashi 60 cikin 100, kuma biranen Turai da Arewacin Amurka ne nasu ya fi tashi. Misali na kusa shi ne fata. Ana jeme ta a Challawa da Sharaɗa da Bompai, ruwan sinadarin kiromiyam ya gangara kogunan Challawa da Jakara inda ake noman lambu, sannan a fitar da fatar zuwa Italiya da Sifaniya a ɗinka jaka da takalmi. A lissafin da ya tsaya kan iyaka, dattin na Kano ne, tsabtar kuma ta birnin da aka sayar da jakar.

Zamantakewa

UN-Habitat tana ɗaukar gida a matsayin na unguwar marasa galihu idan ya rasa ɗaya daga abubuwa biyar: ruwa mai tsabta, makewayi mai kyau, gini mai ƙwari, isasshen wurin kwana ta yadda ba za a wuce mutum uku a ɗaki ba, da tabbacin cewa ba za a tashi mazauna ba. Na biyar ɗin ya fi wuyar aunawa, shi ya sa sau da yawa ake barin sa a lissafi, duk da cewa shi ne ya fi hana mutum barci. Sufuri kuma ana auna shi da kason mutanen da ke zaune cikin tazarar mita 500 daga tashar motar haya, ko kilomita ɗaya daga tashar jirgin ƙasa da makamantansa. Wannan ya dace da birnin da ke da tashoshi a rubuce. A Kano, inda A Daidaita Sahu ke tsayawa duk inda aka ɗaga hannu, mai lissafi zai iya cewa kusan babu sufurin jama'a, ko kuma ya ce kowa yana da shi, kuma ba wanda ya taɓa batun kuɗin mota da ya ninka bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023.

Babbar illar wannan fanni ita ce matsakaicin lissafi. Rahoton talauci mai fuskoki da yawa na 2022 ya nuna cewa kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, wato mutum miliyan 133, suna cikinsa, kashi 72 a karkara, kashi 42 a birane. Adadin biranen ya haɗa unguwannin masu hali da na talakawa, kamar Maitama da Mpape a Abuja, ko Nasarawa GRA da Kurna a Kano, a lamba ɗaya da ba ta kwatanta rayuwar ko ɗaya daga cikinsu.

Inda masana suka rabu

Saɓani na farko a kan haɗa maki ne. Mizanin The Economist yana ba zaman lafiya kashi 25, al'adu da muhalli kashi 25, lafiya kashi 20, ababen more rayuwa kashi 20, ilimi kashi 10, kuma an ƙirƙire shi ne tun farko domin taimaka wa kamfanoni su san alawus ɗin wahala da za su biya ma'aikatan da suka tura ƙasashen waje. Saboda haka idon baƙo mai albashi yake kallo da shi, kuma ba laifi ba ne muddin mai karatu ya san hakan. Kamfanin Arcadis yana da nasa mizanin na ɗorewa, wanda Frankfurt ta zo ta ɗaya a cikinsa a 2015, Zurich a 2016, Landan a 2018, Oslo a 2022; wani ɓangare na wannan sauyi ya fito ne daga canza ma'aunai da jerin biranen da aka saka. Masu son lamba ɗaya suna cewa ita ce 'yan siyasa da 'yan jarida ke ji, kuma gasa tana zaburar da shugabanni. Masu adawa suna son a bar ma'aunai a jere, kowanne a gan shi da kansa, ko da hakan zai hana a ce wane ne na ɗaya.

Saɓani na biyu ya fi zurfi: shin riba a wani fanni tana iya biyan asara a wani? Wasu masana tattalin arziki suna ganin cewa idan birni ya cike kududdufi ya gina kasuwa da makaranta, bai yi asara ba muddin jimillar dukiyar da zai bar wa 'yan baya ba ta ragu ba. Wasu kuma, irin su Herman Daly, suna ganin akwai abubuwan da kuɗi ba ya maye gurbinsu, kuma kududdufin da ke shanye ruwan sama yana cikinsu. Lissafin da ke tara maki ya raba yana bin ra'ayin farko ko da bai faɗa ba, tamkar ɗalibin da ya faɗi lissafi warwas amma makin tarihi ya ɗaga shi ya haye. Domin rage wannan ne aka sauya hanyar haɗa Mizanin Ci Gaban Ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2010, ta yadda rauni a fanni ɗaya zai ja sakamakon ƙasa sosai. Birnin Amsterdam kuma ya ɗauki wata hanyar a 2020, bisa tsarin masaniyar tattalin arziki Kate Raworth, inda ake sa ƙasan da bai kamata wani mazauni ya faɗa ƙarƙashinsa ba, da saman da bai kamata birnin ya ƙetare ba wajen cin albarkatu, ba tare da an musanya ɗaya da ɗaya ba. Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi a kan abubuwan da ba sa dawowa idan sun tafi, kamar ruwan ƙarƙashin ƙasa da hanyoyin ruwa; ta ɓangaren farko kuma ta fi ƙarfi a inda talauci ya yi tsanani, domin birnin da hayaƙinsa ya yi ƙasa saboda mazaunansa ba su da wuta ba za a kira shi abin koyi ba.

Akwai kuma abin da duka hanyoyin biyu ke yawan tsallakewa, wato haɗarin da bai auku ba tukuna. Alƙaluman Maiduguri na watan Agustan 2024 ba su ɗauke da alamar abin da zai faru a watan Satumba, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye babban ɓangaren birnin, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Yanayin madatsa, da magudanun ruwa, da gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa, ba su cika shiga mizanan da ake jera birane da su ba.

Abin da wannan ke jawo wa talaka

Hanya ta farko da alƙaluman ke isa ga mutum ita ce kuɗi. Bankin Duniya yana da tsarin da ba ya sakin kuɗi sai an cika ma'aunin da aka yi yarjejeniya a kai, kamar shirin SFTAS na dala miliyan 750 da aka amince da shi a 2018, wanda ya biya jihohin Najeriya bisa buga kasafin kuɗi da ƙara kuɗin shiga. Johannesburg a 2014 da Cape Town a 2017 sun sayar da takardun lamuni na ayyukan muhalli, abin da ba ya yiwuwa sai birni yana da alƙaluman da masu zuba jari suka yarda da su. Birnin da ba shi da bayanai yana biyan bashi da tsada ko ya rasa shi gaba ɗaya, kuma mazauna ne ke ji a jikinsu ta hanyar famfon da bai zo ba. Ɗaya fuskar kuma ita ce, idan aka sa ƙarin kuɗin shiga ya zama ma'aunin nasara, mafi sauƙin kamawa shi ne mai shago da mai tebur da ɗan A Daidaita Sahu.

Hanya ta biyu ita ce yadda ma'auni ke lalacewa idan ya zama abin da ake nema ido rufe, lamarin da masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya ja hankali a kai tun 1975. Ana iya rage yawan unguwannin marasa galihu ta hanyar kai musu ruwa da magudanai da takardun mallaka, ana kuma iya rage shi da katafila. Rushe-rushen Makoko a 2012 da Otodo Gbame a 2016 da 2017 a Legas sun raba dubban mutane da matsugunansu, kuma wanda ya koma bayan iyakar birni ya fita daga lissafin birnin. Haka yawan itatuwan da aka dasa ba ya nuna nawa suka kai damina ta biyu, kuma korar 'yan bola daga tituna, kamar yadda hukumomin Abuja suka sha yi bisa dalilan tsaro, tana iya gyara kyan gari ta kuma rage abin da ake sake sarrafawa.

Hanya ta uku tana iya zama alheri, idan aka sauko da awon zuwa matakin mazaɓa da unguwa. Tun 2018, lokacin da New York da wasu biranen Japan suka fara gabatar da rahoton sa-kai kan yadda suke cika muradun ci gaba, birane da dama sun bi sahu, kuma hotunan tauraron ɗan'adam da ƙananan na'urorin auna iska masu araha sun rage tsadar aikin. Inda aka buga alƙaluma unguwa-unguwa, ƙungiyar ci gaban unguwa tana iya zuwa gaban kansila da hujjar cewa kwana nawa famfonsu ya yi a bushe idan aka kwatanta da na maƙwabta. A Najeriya, wanda zai tattara irin waɗannan bayanai bai fito fili ba tukuna: hukumomin tsara birane da na kwashe shara da na ruwa duk na jiha ne, yayin da hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Idan hukuncin ya tabbata a aikace, ƙwaryar birnin Kano za ta kasance da hukumomi takwas masu kuɗin kansu a kan magudanar ruwa guda da iska guda, kuma sai sun amince da iyaka ɗaya da adadin jama'a ɗaya kafin alƙaluman ɗayansu su haɗu da na ɗan'uwansa.